Kafin Ka Juya Bidiyo, Ka Ajiye Na Asali



Mai karatu, yau ba maganar kasuwa ko tsadar mota zuwa Kano na zo da ita ba. Magana ce a kan wani abu da yawancinmu muke ɗauka ƙarami, wato juya bidiyo daga tsarin da kyamara ta ɗauke shi zuwa tsarin da kwamfuta ko waya za ta yarda ta buɗe, abin da yaran shago ke kira kwanbatin. Ni dai ba injiniya ba ne, iyakacin karatuna sakandare, kuma sana'ar gidanmu goro ce a nan Sabon Shagamu, jihar Ogun, inda aka haife ni. Amma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan abu ya sare ni sau ɗaya, kuma har gobe ina jin zafin.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda zai juya bidiyo, ko don ya yanka ya haɗa, ko don ya sa a waya, to kada ya kuskura ya rabu da na asali, wanda masu harkar fim ke kira masta. Kwafi ake juyawa. Kuma kafin a juya ɗin, ya kamata mutum ya san don me zai juya, da abin da zai rasa in ya juya. Bari in ba ka labarin yadda na koyi wannan.

A shekarar 2010 Baba ya je Legas ya dawo da wata kyamarar hannu, tokumbo, daga kasuwar Alaba. Irin mai ɗaukar katin memori ce, ba mai kaset ba. A 2011 aka yi bikin Yayata, kuma da wannan kyamara wani ƙanen Baba ya ɗauki bikin. A cikin abin da ya ɗauka akwai wurin da Inna, mahaifiyarmu, ta zaunar da amarya a ɗaki tana yi mata nasiha kafin a tafi da ita gidan miji. Wajen minti goma tana magana. Na kalli wurin sau biyu ko uku a ɗan gilashin kyamarar, fes, har zanen lallen hannunta kana gani.

Da aka kwana biyu, 'yan uwa na Kano waɗanda ba su samu zuwa ba suka matsa a aiko musu. A lokacin ina ɗan shekara 14, kuma ni ne ake ganin na san waya a gidan. Baba ya zare katin ya ba ni, ya ce, "Kai wa yaran nan na bakin titi su sa mana a waya, kuma ka dawo mini da katin, akwai suna ranar Asabar." Na kai wani shago da ake tura waƙoƙi da finafinai. Mai shagon ya sa katin a kwamfutarsa, ya jawo fayil ɗin cikin Movie Maker na Windows XP, manhajar ta ƙi karɓa. Ya ce ba matsala. Ya buɗe wata manhajar juyawa, ya zaɓi 3GP, tun da shi ne wayoyin wancan lokaci ke ci, ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo ya tura mini a memorin waya, sannan ya ce katin ya cika, ko ya yi fomatin ɗinsa? Na tuna maganar sunan Asabar, na ce eh. Da bakina na ce eh.

Allah Ya yi wa Inna rasuwa a 2018. Bayan an share makoki Yaya ta kira ni ta ce, "Ina bidiyon nan na bikina? Ina so in ji maganar Inna." Na nemo shi a wata tsohuwar waya, na sa a kwamfuta, na buɗe shi ya cika gilashi. Mai karatu, fuskar Inna ta zama dunƙule-dunƙulen murabba'i, ba ka bambance ido da hanci. Muryar kuma kamar ta wanda ke kira daga ƙauyen da babu sabis, ga hayaniyar mata a tsakar gida ta danne rabinta. Na koma wurin shagon nan ko Allah zai sa kwafin asali ya rage a kwamfutarsa, na tarar da wani daban yana sayar da rigunan waya.

Sai daga baya na fahimci lissafin abin da muka yi. Kyamarar Baba tana ɗaukar hoto mai ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan biyu a kowane hoto. Shi kuwa 3GP ɗin da aka yi mana 176 ne da 144, wato ɗigo 25,344. Ka ga kenan cikin kowane ɗigo tamanin, ɗaya kacal aka bar mana. Sautin ma an matse shi da tsarin da aka ƙirƙira don maganar waya, wanda ke yanke ƙasa da saman murya. Abin da aka zubar ya tafi, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi, domin ba ɓoye shi aka yi ba.

A azumin 2024 Baba ya sa ni in nemo masa wata takarda a cikin akwatinsa na ƙarfe. A ƙasan tsofaffin rasidai na ga wani kati mai giga 8 a naɗe cikin takarda. Da na duba, ashe Sallar layya ce ta 2013, kusan minti arba'in, ba wanda ya taɓa shi. Ga Inna tana suya, ga ta tana faɗa da mu a kan mun hana rago sakat, ga autarmu a bayanta. Ita autar tana da shekara shida lokacin rasuwar, abin da take iya tunawa kaɗan ne. Na yi niyyar in tsinto duk wuraren da Inna ta fito, in haɗa su wuri ɗaya, in ba ta. A nan ne matsalar da ta sa aka ɓata na farko ta sake tasowa: manhajar da ke wayata ta ƙi ganin fayil ɗin sam, ta kwamfutata kuma ta buɗe shi amma yana tafiya yana tsayawa, kuma duk inda hannu ya motsa sai ka ga layi-layi kamar haƙoran mataji.

Wannan karon ban kai wa kowa ba. Na je wurin wani abokina Bayarabe da muka yi sakandare tare, wanda yanzu ɗaukar biki ce sana'arsa. Abu na farko da ya yi kafin ya sa katin a ko'ina shi ne ya ja ɗan makullin da ke gefen katin zuwa ƙasa, yadda kwamfuta za ta iya karantawa amma ba za ta iya rubutu ko gogewa ba. Ni shekara da shekaru ina riƙe irin wannan kati ban san amfanin ɗan abin nan ba. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni kuma na ƙara da karatu. Zan faɗa maka yadda na fahimta, da misalin abin da na sani.

Fayil ɗin bidiyo abu biyu ne: mazubi da abin da ke ciki. Kamar huhu ne da goro. Haruffan da kake gani a ƙarshen sunan fayil, irin su MP4, MOV, AVI, MKV ko MTS, sunan huhun ne kawai. Abin da ke ciki, wato hanyar da aka bi aka matse hoton da sautin, shi ake kira kodek, kuma shi ma iri-iri ne: akwai H.264 wanda ya fito a 2003, akwai HEVC wanda ya biyo baya a 2013, akwai Motion JPEG da ƙananan kyamarorin hoto na da suke amfani da shi. Duk ɗan goro ya san huhu biyu za su iya kama da juna a waje, ka kwance ka tarar wannan marsa ne, wancan minu. Haka MP4 biyu: ɗaya ya buɗu a manhajarka, ɗaya ya ƙi, saboda abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa canja sunan fayil da hannu, ka goge MTS ka rubuta MP4, ba ya gyara komai. Ka canja rubutun jikin huhu ne kawai.

Kyamarar Baba tana amfani da tsarin AVCHD, wanda kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006. Huhunsa MTS ne, abin da ke ciki kuma H.264 ne, wanda kusan kowace waya da kwamfuta ta yau ta sani. Wato matsalar wayata da huhun ce, ba da goron ba. To a irin wannan hali ba a buƙatar a sake matse hoton. Ana iya kwashe shi yadda yake a zuba a MP4, kamar yadda muke sauya wa goro ganye ba tare da mun fasa ko ƙwaya ɗaya ba. Manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce kuma tana nan tun shekarar 2000, tana yin haka in ka ba ta umarnin -c copy. Wanda ba ya son rubuta umarni, akwai Shutter Encoder, ita ma kyauta, da aka gina a kanta. Aikin minti arba'in bai ɗauki minti biyar ba, kuma ko ɗigo ɗaya bai ragu ba. Da mai shagon nan ya san wannan bambanci, ko da ni na sani, da labarin ya sha bamban.

Juyawa ta biyu ita ce mai haɗari, wato a kwance hoton gaba ɗaya a sake matse shi. Duk wanda ya taɓa kwafar kaset daga kaset, ko ya yi fotokwafin fotokwafi, ya san abin da ke faruwa: kowane zagaye sai an rasa wani abu. In an yi da kyau, da wuya ido ya gane asarar zagayen farko. In an yi ta maimaitawa, ko an rage girman hoton, sai ka samu irin abin da muka samu.

To me ya sa bidiyon ke tafiya yana tsayawa a kwamfutata? A nan littafin lissafin Baba ne ya taimaka mini na gane. Baba ba ya ƙirga dukkan kayan rumfa kullum. Yakan ƙirga sau ɗaya ya rubuta jimla, sannan kowace rana ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. In kana son sanin kayan da ke nan ranar Laraba, dole ka koma ƙirgen ƙarshe ka bi lissafin har ka iso Laraba. Haka H.264 da HEVC suke yi. Sukan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan hotunan da ke biye su ajiye abin da ya canja kawai. Wannan ya sa fayil ɗin ba ya da nauyi, kuma ga mai kallo daga farko zuwa ƙarshe babu matsala. Amma mai yanka da haɗi yana tsalle ne gaba da baya, kowane tsalle kuma sai kwamfuta ta koma ta sake lissafi. Tsohuwar kwamfuta irin tawa sai ta gaji.

Maganin wannan iri biyu ne. Na farko, a juya kwafin zuwa kodek da aka yi don aikin haɗawa, irin ProRes na kamfanin Apple ko DNxHD na kamfanin Avid, waɗanda ke ajiye kowane hoto cikakke. Sai dai suna cin wuri ƙwarai: awa ɗaya ta AVCHD ba ta cika wuce giga 11 ba, amma awa ɗaya ta ProRes 422 mai girman 1080 tana iya haura giga 60. Na biyu, kuma shi ya fi dacewa da talaka, a yi ƙananan kwafi marasa nauyi waɗanda ake kira firoksi, wato wakilai. Kana yanka da haɗi a kan wakilin, in ka gama ka zo fitarwa sai manhajar ta koma ta ɗauko daga na asali. Manyan manhajojin haɗa bidiyo irin su DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, da Premiere Pro, duk suna da wannan. Ka lura, wannan dabarar ma ba ta aiki sai na asali yana nan.

Haƙoran matajin nan kuwa, gadon tsohuwar talabijin ne. Kyamarori da yawa na wancan zamani ba sa ɗaukar hoto ɗaya a lokaci ɗaya. Sukan ɗauki layukan mara, sannan su ɗauki na cika bayan ɗan ƙyaftawar ido, talabijin ta saƙa su. Gilashin kwamfuta da na waya kuwa suna nuna duka lokaci guda, shi ya sa duk abin da ya motsa tsakanin ɗauka biyun yake fitowa da haƙora. Ana gyara shi wajen juyawa, kuma HandBrake, wata manhajar kyauta, tana da wurin da ake zaɓar haka. Akwai kuma maganar yawan hotuna a sakan ɗaya. Nijeriya ta bi tsarin PAL, mai hoto 25 a sakan, Amurka kuma nata kusan 30 ne. Kyamarar Baba daga Amurka ta fito, don haka kusan 30 take ɗauka. In ka tilasta mata 25, sai an zubar da wasu hotunan, motsi ya riƙa tsalle. Abokina ya ce in bar shi yadda kyamara ta ɗauka, kuma haka na yi.

Wani abu da na kusa yin kuskure a kai shi ne kwafar katin. Na so in shiga foldar STREAM in kwashi fayilolin MTS kawai in bar sauran, tun da ƙananan fayiloli ne da ban san amfaninsu ba. Ashe irin wannan kati yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, don haka kyamara kan datse doguwar ɗauka gida-gida, kuma ƙananan fayilolin nan ne ke gaya wa manhaja yadda za ta ɗinke su. Saboda haka katin gaba ɗaya ake kwafa, da duk foldojinsa, yadda yake.

Na san wani zai ce, ai wannan labarin tsohuwar kyamara ne, yau kowa da waya yake ɗauka, kuma manhajojin yau suna buɗe kusan komai. Akwai gaskiya a ciki, abubuwa sun yi sauƙi. Amma matsalar ta canja kaya ne kawai. Tun 2017 wayoyin iPhone suka fara ɗauka da HEVC, wasu wayoyin Android ma haka, kuma kwamfutocin tokumbo da yawa da muke saye sun girmi wannan kodek, sai ka ga suna nishi. Sannan waya takan canja yawan hotuna a sakan tana cikin ɗauka, musamman in haske ya ragu. In ka sa irin wannan doguwar ɗauka a wasu manhajojin, da farko komai daidai, can tsakiya sai baki ya rabu da murya. Maganinsa shi ne a juya kwafi a tsayar da yawan hotunan wuri ɗaya. Kwafi, na sake faɗa.

Babban mai shagon zamaninmu kuwa yana cikin aljihun kowa. Duk bidiyon da ka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, an sake matse shi kafin ya isa. Mu kuma ga al'adarmu: a ɗauki suna, a tura wa dangi, waya ta cika, a goge na asali tun da "ai yana guruf". Abin da ke guruf ɗin ba shi ne abin da ka ɗauka ba. Wanda ke son ya aika da na asali sai ya tura shi a matsayin takarda, wato dokumen, kuma tun 2022 ana iya tura har giga 2 ta wannan hanya.

Wani kuma zai ce, ajiya kuɗi ce, data kuɗi ce, mutumin da ke neman na tuwo ina ya ga kuɗin sayen hadis? Wannan ma ban raina ta ba, don na san yadda kasuwa take. Amma ba na cewa a ajiye duk wani bidiyon barkwanci da aka turo. A gida ɗaya, bidiyon da ba za a iya sake ɗauka ba bai fi a ƙirga da yatsu ba: biki, suna, saukar karatu, zuwan kaka daga Arewa, tsoho yana ba da tarihin yadda ya zo Kudu. Bikin Yaya gaba ɗaya kati ɗaya ne. Kuɗin sabon kati a wancan lokaci bai kai abin da aka kashe a lemon bikin ba. Mun yi tsimin kati, muka yi asarar abin da yau ko nawa aka ce mu biya za mu nemo.

Akwai kuma masu cewa yanzu ai akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke gyara tsohon bidiyo ya koma fes. Na gwada, mai karatu, da bidiyon 3GP ɗin nan. Fuska ta fito tas, mai kyau, da ido da gira da haƙora. Na nuna wa Yaya, ta kalla ta ce, "Wace ce wannan?" Manhajar ba ta taɓa ganin Inna ba. Ta duba dunƙulen murabba'in ne ta yi hasashe daga fuskokin wasu mutane. Ga wanda ke son tsohon fim ya yi kyau a ido, wannan ya wadatar. Ni kuwa na goge shi, don ina tsoron kada auta ta girma da fuskar wata a ranta a matsayin ta mahaifiyarta.

Ba na ɗora wa mai shagon nan laifi. An ce masa a sa a waya, ya sa a waya. Ya tambaya kafin ya goge, aka ba shi izini. Laifin namu ne, da muka ɗauki abin da ya shafi gidanmu muka miƙa ba tare da mun san me za a yi masa ba. Baba ba zai taɓa ba wa dillali kaya ya juya baya bai san farashi ba, amma a kan wannan duk mun juya baya, saboda muna ganin harkar kwamfuta ta wasu ce. Alhali manhajojin kyauta ne, kuma abin da ake buƙatar sani bai fi abin da na rubuta a nan ba.

Kuma ina ganin mu mazauna Kudu abin ya fi shafa. Wanda ke zaune a garinsu, in ya manta yadda kakarsa take, akwai goggo a maƙwabta da za ta tuna masa, akwai gidan, akwai unguwar. Mu kuwa rabin danginmu suna nesa da mu tafiyar yini guda a mota. Dattawan Sabo, in ƙarfi ya ƙare, da yawa gida suke komawa. Gidajen haya muke canjawa, rumfuna suna canja hannu. Yaran da aka haifa a nan, wasu Yarabanci ya fi zama a bakinsu. A bidiyon Sallar nan Inna ta yi wasu kalmomi na mutanen ƙauyensu da ni kaina na manta da su, sai da na tambayi Baba ma'anarsu. Irin wannan ba a samunsa a hoton da ba ya magana.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. In ka samu tsohon kati, ka kulle shi kafin ka sa a kwamfuta. Ka kwafe shi gaba ɗaya, a wuri biyu aƙalla, kuma kada ka dogara da katin shi kaɗai, don kati da filasha suna iya lalacewa a ajiye. Ka duba abin da ke cikin fayil ɗin da MediaInfo ko VLC kafin ka yanke shawara. In huhu ne matsalar, ka sauya huhu kawai. In nauyi ne, ka yi wakili. In don waya ne, ka yi ƙaramin kwafi ka ba shi suna daban don kada ya hau kan na asali. In kuma ka ɗauki mai bidiyo a biki, ku yi ciniki tun farko cewa zai ba ka ɗanyen abin da ya ɗauka, ba wanda ya haɗa da kiɗa kawai ba. Abokina ya gaya mini shi kansa ba ya iya riƙe na kowa fiye da 'yan makonni, saboda wurin ajiyarsa cika yake yi. Masu tsofaffin kaset na MiniDV kuwa su hanzarta, domin awa ɗaya tana cin kusan giga 13, sai an kunna kaset ɗin daga farko har ƙarshe ake kwafarsa, kuma kyamarori masu aiki da kwamfutoci masu ramin FireWire suna ƙara wuyar samu.

Ni dai na gama haɗin. Minti shida da 'yan sakanni ya kama. Na yi ƙaramin kwafi na sa wa auta a waya, na tura wa Yaya. Katin na mayar cikin akwatin Baba. Kwafi ɗaya yana kwamfutata, ɗaya a hadis, ɗaya kuma na sa a filasha na ba direban da ke kai mana goro, ya kai wa Kawu a Kano, na rubuta a jikin ambulan cewa kada a goge, kada a ba yara su tura waƙa. Baba bai ce komai ba ranar da ya kalla, sai da aka yi sallar isha'i ya kira ni ya ce, "Akwai wata jaka a saman wadirof, ka duba ko akwai wani katin." Na duba, babu.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana. Wassalamu alaikum.